Martani: Lambar Da Ke Bayan Lasifika Ba Ita Ce Cinta Ba

 Malam, na karanta maƙalarka a kan kayan sauti na gida, na ajiye ta kwana biyu, na sake karantawa don kada in yi maka gaggawa. Inda ka yi daidai zan faɗa, kuma akwai shi. Sai dai ginshiƙin maganar taka, wato duk wanda ya ga an rubuta wat 200 a bayan lasifikarsa wajibi ne ya nemo risiba mai wat 200 ko fiye, in kuma ba shi da hali ya haƙura da lasifikar kada ya ƙona ta, wannan kam ban yarda da shi ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani matashi ne a unguwarmu, tela. Ya gaji risibar mahaifinsa 'yar Japan, irin ta da mai rediyo da amfilifaya a akwati ɗaya, mai wat 50 a kowane ɓangare. Ya yi watanni yana tara kuɗi har ya sayi lasifiku biyu na gwanjo da aka rubuta wat 200 a bayansu, masu nauyi, masu kyan murya. Ranar da ya karanta ka ya zo mini fuska a yamutse, ya ce, Baba, ashe asara na tafka. Har ya fara neman wanda zai karɓi lasifikun a rabin kuɗi. Irin wannan yaro ne rubutunka ya fi shafa, domin mai kuɗi ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba babbar na'ura zai saya.

Mu fara da lambar da ka jingina da ita. Ka taɓa ganin allon da ake kafawa a bakin gada, a rubuta nauyin da za ta iya ɗauka, a ce tan 30? Allon bai ce sai mai tan 30 zai hau ba. Mai keke na wucewa, mai amalanke na wucewa, gada ba ta san ma an yi ba. Wat 200 ɗin da ke bayan lasifika irin wannan allo ne. Kamfanin yana gaya maka iyakar wutar da 'yar siririyar wayar da ke naɗe a cikinta za ta jure kafin ta yi zafi ta narke. Bai ce komai a kan abin da take buƙata kafin ta yi magana ba. Wannan wata lamba ce daban, kuma ko sau ɗaya ba ka ambace ta a maƙalarka ba.

Ni auki nake kiranta, kamar yadda uwargida ke cewa wannan shinkafa tana da auki, waccan ba ta da shi. Mudu ɗaya ne, amma wata ta cika tukunya wata ta tsaya a rabi. Ana auna aukin lasifika ta hanyar ba ta wat ɗaya, a tsaya mita ɗaya daga gabanta, a ga desibel nawa ta fitar. Yawancin lasifikun gida suna faɗowa tsakanin desibel 84 zuwa 92. Wadda ta ba da 91 mai auki ce, wadda ta ba da 85 mai ci ce. Tazarar desibel 6 kamar ba komai, amma a lissafin wuta ninki huɗu ce: ƙarar da ta farko za ta yi da wat 10, ta biyun sai ta sha wat 40. Ga Klipschorn, lasifikar kusurwar ɗaki da Paul Klipsch ya fara ƙerawa a 1946 a garin Hope na jihar Arkansas a Amurka, wadda aukinta ya kai kusan desibel 105. Abin da take yi da wat ɗaya, lasifikar telanmu mai desibel 86 sai an ba ta kusan wat 80 kafin ta kamo shi. Ka ga ke nan za a iya samun lasifiku biyu da lamba iri ɗaya a baya, amma cinsu ya bambanta kamar na ɗan yaye da na manomi a damina.

Ba kuskure ne ya sa wasu lasifiku ke da ci ba, zaɓi ne. A 1954 Edgar Villchur ya fito da AR-1, ƙaramin akwati rufaffe ruf wanda iskar da ke kulle a cikinsa ke riƙe faifan lasifikar, ya kuma iya fitar da kaurin sauti irin wanda a da sai akwati mai girman kabad ke iya yi. Kuɗin da ya biya shi ne auki. Daga baya aka san wannan da dokar Hofmann, sunan ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa kamfanin KLH: ƙanƙantar akwati, zurfin amo (wato kaurin sauti) da auki, biyu kawai za ka samu a cikin ukun. Don haka 'yar ƙaramar lasifika mai kaurin murya takan fi ƙatuwa cin wuta, abin da mai saye a kasuwa ba ya tsammani. Na faɗi wannan ne saboda maƙalarka ta bar mai karatu da tunanin cewa girman akwati ne ke nuna ci.

To, mai cin ma, nawa take ci a zaman ɗaki? A nan ne nake roƙon ka sauko mu yi lissafi tare, don kunne ba ya ƙirga wat yadda aljihu ke ƙirga naira. In ka ninka wuta sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara, ɗan ƙarin da kunne zai lura da shi amma ba zai ce an canza na'ura ba. Kafin mutum ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato wuta ninki goma. Lasifikar tela da wat ɗaya tana ba da 86 a mita ɗaya. Da wat 50 na risibar mahaifinsa za ta kai 103. Da wat 100 za ta kai 106. Da wat 200 ɗin da ka wajabta masa, 109. Duk kuɗin da kake so ya kashe, desibel 6 zai saya da su.

Kuma ba a mita ɗaya ake zama ba, na sani. A fili, duk sanda nisa ya ninka ƙara na raguwa da desibel 6. A cikin ɗaki bango da rufi suna maido da wani abu, ga shi kuma lasifiku biyu ne ke aiki tare. Idan aka haɗa aka cire, mai zaune a mita uku zai ji kusan desibel 80 alhali kowace lasifika wat ɗaya tak take sha. Desibel 80 ba raɗa ba ce. Ita ce ma iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babban mutum ya saurara na awa 40 a mako ba tare da ya cutar da kunnensa ba. Sauran wat 49 ɗin fa? Ajiya ce don lokacin da makaɗi ya sauke gula a kan ganga, ko kakaki ya tashi, sauti ya yi tsalle na ƙiftawar ido ya dawo. Ajiyar desibel 17 ce a kan abin da ake ji yau da kullum, kuma ta ishi yawancin waƙoƙin da ake saurare a ɗakin da bai wuce ɗakin kwana ko matsakaicin falo ba.

Yanzu ga inda ka yi gaskiya. Ƙaramar risiba na iya ƙona lasifika, na gani da idona fiye da sau ɗaya. Kowace amfilifaya tana da iyakar ƙarfin wutar da za ta iya turawa. In aka matsa mata ta wuce nan, sai ta riƙa aske kan igiyar sautin, abin da ya kamata ya tashi ya sauka a lanƙwashe ya koma mai kaifin gefe. Kunne na jin haka: sautin ya fashe, ya yi kaushi, muryar mawaƙi ta yi kamar ana yaga takarda. Askin nan yana haifar da ƙarin sauti masu tsini, sannan shi mai murɗawa, da ya ji amon ya daina ƙaruwa, sai ya ci gaba da murɗawa, sirara kuwa su ci gaba da hawa. Duk wannan lodi a kan tuwita yake sauka, 'yar ƙaramar lasifikar sama wadda wayarta ba ta fi gashi kauri ba. Ita ce ke fara mutuwa. Na tuna wani bikin suna da aka fito da kayan falo tsakar gida, aka ɗora lasifiku a kan benci, aka ƙure boliyum tun hantsi. Kafin la'asar muryar ta koma kamar daga cikin randa take fitowa, tuwita biyun duk sun tafi.

Amma duba abin da ya kashe su. An ɗauki kayan ɗaki an kai su fili, inda babu bangon da zai taya su, aka nemi su yi aikin kayan haya na masu biki. Da risiba mai wat 200 aka kawo a ranar, da hannun nan da bai san tsayawa ba, da ƙila babbar lasifikar ƙasa ce za ta bi tuwita, domin babbar na'ura ma tana ƙona kaya, kuma ita ba ta yin gargaɗi da fashewar sauti kafin ta yi. Maganin da ka bayar yana ɗaga iyakar ne da desibel 6, mai ƙure boliyum kuwa zai iske sabuwar iyakar cikin daƙiƙa biyu. Da ka koya wa mai karatunka ya gane fashewar sauti ya rage nan take, da ka cece masa tuwita ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ka tsallake gaba ɗaya, alhali shi ne haɗarin gaske ga ƙaramar risiba: turjiya, lambar da ake rubutawa da om. Lasifika mai om 8 kamar siririn bututu ce, mai om 4 kamar mai faɗi ce, da matsi iri ɗaya ruwan da za ta zuƙa ya ninka. Risibar da ke ba da wat 50 a om 8 tana tura bolt 20 ne da amfiya biyu da rabi. Sa mata om 4, a bolt 20 ɗin nan za a nemi amfiya biyar daga gare ta. In aka kai om 2, amfiya goma. Taransifomarta da tarasistocinta su ne za su ɗauki wannan kaya, su yi zafi, in tana da kariya ta kashe kanta, in ba ta da ita ta yi hayaƙi. Sannan lambar da aka rubuta matsakaici ce kawai, domin turjiyar lasifika tana hawa tana sauka gwargwadon kaurin sauti ko sirantakarsa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ce kada ta sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100 na abin da aka rubuta, wato mai om 4 kada ta gaza 3.2, amma ba kowane kamfani ke kiyayewa ba. Akwai ma wata dabara a takardun talla: sai a auna auki da bolt 2.83, wanda a om 8 wat ɗaya ne, a om 4 kuwa wat biyu ne. Takardar lasifikar telanmu 89 ta ce, om 4. Na cire 3 na ce masa 86, da ita muka yi lissafi.

Saboda haka tambayar da ya kamata ka sa a bakin mai karatu ita ce: risibata za ta iya da om 4? Amsar na rubuce a bayanta, kusa da inda ake ɗaura wayoyi. Tsofaffin 'yan Japan da yawa sukan rubuta om 4 zuwa 16 in jeri ɗaya za a kunna, amma 8 zuwa 16 in za a kunna jeri biyun, A da B, tare. Wannan A da B ɗin ya kashe risiba a gidajenmu fiye da ƙarancin wat. Mutum ya ga ramuka huɗu, ya ce ai ba za a bar biyu a banza ba, ya ƙara wasu lasifikun. A galibin na'urori haɗin yana raba turjiya biyu ne: om 8 biyu su koma 4, om 4 biyu su koma 2. Wasu sababbin risibobi kuma suna da wani maɓalli na zaɓen om 4 ko 6, mutane na zaton ƙarfi yake ƙarawa. Rage ƙarfin wutar cikin na'urar yake yi don kada ta yi zafi, wanda ke nufin za ta fara askin sauti da wuri. Yana kare risiba, amma ya kamata mai shi ya san abin da ya bayar a madadin.

Da a ce yawan wat ne ma'auni, da tarihin NAD 3020 bai yiwu ba. A 1978 ta fito, ƙirar injiniya Bjørn Erik Edvardsen ɗan ƙasar Nowe, a rubuce wat 20 kacal a kowane ɓangare. Ta zama ɗaya daga cikin amfilifayoyin da aka fi saya a tarihin kayan sauti na gida, har aka yi mata 'yar'uwa mai rediyo, risibar 7020. Sirrinta shi ne an gina ta ta iya zuba amfiya mai yawa na ɗan lokaci a lasifiku masu ƙarancin om ba tare da ta durƙusa ba, an kuma sa mata wata da'ira da ke tausasa askin sauti in an kai iyaka. Mutane sun yi shekaru suna tuƙa lasifiku masu ci da ita, alhali wasu na'urori masu ninkin lambarta suna kashe kansu a kan lasifikun nan. A ma'auninka, Malam, da ka ce a jefar da ita.

Ita kanta lambar wat ta risiba ba a kan mudu ɗaya ake auna ta ba. Ƙaryar ta yi yawa a Amurka har hukumar kula da cinikayya ta tarayya ta kafa doka a 1974, ta tilasta wa kamfanoni su faɗi ƙarfin da na'ura za ta iya riƙewa a ɗore, su kuma faɗi a om nawa da kuma yawan gurɓatar sauti. Kayan da ke cika kasuwanninmu, daga Alaba a Legas har Sabon Gari a Kano, da yawansu wannan doka ba ta hau kansu ba. Za ka ga ɗan akwatin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya an manna masa wat 3000, a gefe da ƙananan haruffa PMPO, lambar da ba ta da wata ƙa'idar awo da aka yarda da ita. Ko risibobin sinimar gida masu ɓangare biyar ko bakwai, sau da yawa ɓangare ɗaya ko biyu ake kunnawa a auna, a buga lambar a kwali, in duka suka tashi tare kowanne ya samu ƙasa da haka tunda daga taransifoma ɗaya suke sha. Wanda ka tura kasuwa da umarnin ya nemo 200, lambar zai nema, kuma mai shago zai ba shi lambar. Ina tsoron telanmu ya sayar da wat 50 na gaskiya ya dawo da wat 200 na kwali.

Akwai kuma abin da ya shafe mu nan wanda littattafan waje ba sa kawowa. Wutar gidajen Najeriya a ƙa'ida bolt 230 ce, amma kowa ya san yadda take zuwa da daddare, fanka na juyawa da ƙyar. Tsofaffin risibobi ƙarfinsu na bin wutar da ta shigo, kuma ba ɗaya bisa ɗaya ba: in ta sauka zuwa 190, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ya tafi, mai wat 50 ta koma wajen 34. Sai ta fara fashewa a daidai wurin da jiya take lafiya, mai ita ya ce ta tsufa. Sitabilaiza mai kyau ta fi masa sabuwar risiba amfani a nan. Ga zafin bazara, lokacin da Kano da Sakkwato ke wuce digiri 40, ga al'adarmu ta cusa na'ura a cikin kabad mai gilashi a kuma lulluɓe ta da ƙyalle mai ado saboda ƙura. Risibar da ke jan om 4 tana buƙatar iska ta sama da ta gefe. Wanda kuma ya sayi gwanjon Amurka mai bolt 120 ko na cikin gidan Japan mai bolt 100, ya tabbata na'urar rage wutar da ya sa ta fi ƙarfin abin da risibar ke ja.

Ban ce kowace lasifika za ta zauna da kowace risiba ba. Apogee Scintilla ta shekarun 1980 tana iya sauka har om 1, wannan ko kusa kada a kai ta ga ƙaramar na'ura. Lasifikun Magnepan na jihar Minnesota, masu om 4 da auki wajen 86, sun fi sakin jiki da amfilifaya mai ƙwari in ɗakin babba ne. Mai ƙaton falo da ke son fim ya girgiza kujera, shi ma wat 50 ba za ta kai shi ba. Amma ko su ba jefarwa ce mafitar farko ba. In risibar na da hanyar haɗa lasifikar amo mai tata amfilifayar, a bar wa wannan lasifikar sautin da ya yi ƙasa da haz 80 kamar yadda tsarin sauti na THX ya saba, nauyin da ya fi kowanne ya sauka daga kan risibar. In tana da mafitar da ke tura sauti ga wata amfilifaya ta waje, sai a bar ta tana tuƙi, a ƙaro mai ƙarfin daga baya in hali ya samu. Kafin duk wannan ma, a maido da mamurɗin amo tsakiya, domin ƙarin desibel 6 a wurin yana neman wuta ninki huɗu a daidai sashen da ya fi ci. A kuma matso da kujera. Daga mita huɗu zuwa biyu mutum na iya samun wani kaso mai kyau na desibel 6 ɗin nan da ka ce a saya da kuɗi.

Ranar Asabar na je ɗakin telan da mitata ta awon wuta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka na ce ya kunna abin da ya saba ji, a ƙarar da ya saba. Muka fito da risibar daga kabad muka ɗora ta a kan tebur, muka cire ƙyallen, muka kwance wasu tsofaffin lasifiku biyu da ya ɗaura a B, muka maido da amo tsakiya. Bayan risibar an rubuta om 4 zuwa 16. Na ɗora mita a kan wayoyin lasifikar hagu, allurar tana yawo a wajen bolt biyu, tana ɗan zabura in ganga ta sauka. Bolt biyu a om 4 wat ɗaya ke nan. Na ce ya ƙara har sai ya ji ya ishe shi, ya ƙara, har maƙwabciyarsa ta leƙo ta taga, sautin bai fashe ba. Bayan awa ɗaya na ɗora tafin hannu a kan murfin, da ɗumi, amma ban janye hannun ba. Ya fasa sayarwa. In ka samu sarari, Malam, ka zo da taka mitar mu je tare, ɗakin na nan bayan shagon ɗinkinsa, kuma yakan tashi aiki bayan sallar isha'i.